Sunan da Na Goge Daga Waƙar Gidanmu

Kun daɗe kuna damuna in rubuta muku tarihina, musamman ke Binta, da ba kya zuwa gidan nan ki tafi ba ki ajiye mini sabon littafi da biro ba, kamar an ce miki biro nake ci. To, ga shi na zauna. Amma in kuna jiran in jero muku makarantun da na yi da garuruwan da aka kai ni koyarwa, ku buɗe akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadona, takardun suna nan, ɓera ma ya ƙi su. Abin da zan faɗa muku babu shi a akwati. Magana ce a kan waƙar nan da kuke taƙama da ita, wadda duk ƙasarmu ke kira Waƙar Malam Babba, wadda ɗan'uwanku Sadiƙu ya kai Kano aka buga da sunan kakana a bango, ya kawo mini yana washe baki yana jiran albarka. Na sa masa, ai ba laifinsa ba ne. Amma waƙar nan ba kakana ya yi ta ba. Na san haka tun shekarar farin da aka haife ki, Binta, kuma ni na ɓoye.

Ku da kuka tashi a birni ba za ku gane abin da waƙar take a wurinmu ba. Ƙauyenmu na nan arewa da Makoɗa, inda gona ke manne da gona, ba ka samun wurin ɗaure akuya ba ka shiga haƙƙin wani ba. Gidanmu ba shi da gona mai yawa, ba mu da sarauta, ba mu da fatauci. Waƙar muke da ita. Waƙar wa'azi ce doguwa, da ajami, tana tuna wa mutum kabari, tana roƙa wa ƙasa ruwa da rahama. Mata na yin ta a bakin dutsen niƙa, tsofaffi na yin ta suna kuka. In damina ta yi gardama aka fita roƙon ruwa, bayan salla sai an kira mutumin gidanmu ya rera ta, in ya kai ƙarshe liman ya ce, "Fatiha ga Malam Babba," jama'a su shafa. Mahaifina, Malam Habu, shi ke rera ta a zamanina. Mutum ne siriri, marar yawan magana, amma in ya ɗaga murya da waƙar nan sai ka ji tsigar jikinka ta tashi. Ni kuwa tun ina tatsitsi ake ce mini jikan mai waƙa, kuma ina jin daɗin sunan fiye da yadda ya kamata. Ko auren uwarku, da na je nema, babanta bai tambayi albashina ba. Cewa ya yi, gidan waƙa ai ba a mayar da su.

Mutum ɗaya ne tak ba ya yarda waƙar tamu ce, shi ne Baba Jatau. Bamaguje ne, gidansu na tsallaken rafi, gonarsa ta yi iyaka da tamu. Ƙato ne baƙi, mai dariya kamar aradu, noma kuwa sai dai a bar masa. Shi da Baba, mahaifina, tare suka yi kiwon awaki suna yara, kuma har suka yi furfura ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Baba ya ce masa, yaushe za ka zo in yi maka wankan shiga Musulunci, ruwan ya huce. Shi kuma ya ce, ranar da ka iya riƙe fartanya. Daga nan sai ya ɗauko maganarsa ta kullum. Wai yayan ubansa, ɗan wani tsoho Nomau, ya tsallako rafi yana saurayi ya musulunta a hannun Malam Babba, aka sa masa suna Abdu, ya yi karatu har ya fi 'ya'yan gida, ya mutu a gidanmu bai yi aure ba, bai bar baya ba. Wannan kowa ya yarda, har kabarinsa an san wajen da yake. Abin da ake yi wa Jatau dariya a kai shi ne cewar da yake yi Abdu ne ya yi waƙar.

"Ubana ya gaya mini," in ji shi. "Ranar da ya je duba Abdu yana ciwon ajali, Abdu ya ce masa, Ranau, ka gaya wa tsoho ban ɓata ba, na sa sunansa da nawa a cikin waƙa."

"To ina sunan?" in ji Baba. "Na san waƙar nan kamar yunwar cikina, ban taɓa cin karo da Nomau a ciki ba. Ko burkutu ce ta rera wa Ranau?"

Sai a kwashe da dariya, har da shi Jatau. Amma duk ranar roƙon ruwa za ka gan shi can nesa a gindin gawo, ya dogara da sandarsa, ba ya shiga sahu tunda ba addininsa ba ne, ba ya kuma tafiya sai an gama waƙar.

Sai shekarar nan ta zo. Shekarar da ta gabace ta an riga an sha wuya, rumbuna duk sun yi ƙasa. Ruwa ya sauka sau biyu, aka yi shuka, ta fito kore shar, sai sama ta ɗauke kamar an rufe tulu. Muna kallo gero ya murɗe ya kwanta. Aka sake shuka da ɗan irin da ya rage, shi ma ya bi sahu. Ba na son tuna abin da idona ya gani. Na ga matan da ba su taɓa leƙa zaure ba suna tonon gidan tururuwa don ɗan hatsin da ke ciki. Tafasa da rama muka ci har cikinmu ya daina karɓa. Saniyar Baba guda ɗaya ta durƙusa a turke, aka yanka, naman kamar igiya. Ni ina malamin Arabiyya a firamare, amma yara sun watse, hatsi kuma ko kana da abin saye sai ka yi sa'a ka gan shi a kasuwa. Uwarku ta haihu a tsakiyar wannan bala'i, nono ya ƙi zuwa. Ke Binta, kukanki ma ba ya fita, sai dai mu ga baki a buɗe. A kan wannan kuma idon Baba, da ya daɗe yana yi masa hazo, ya rufe gaba ɗaya. Ya zama sai an riƙe masa hannu zuwa masallaci. Wallahi na taɓa shiga ɗakinsa da rana na same shi yana shafa gafakar da waƙar ke ciki yana hawaye, na yi kamar ban gani ba na fita.

Wata safiya ya ce in ɗauko gafakar in duba masa lafiyar takardun, domin dattawa sun sa ranar fita roƙon ruwa. Da na buɗe, sai na ga ɓarna. Gara ta shiga, ta cinye gefe-gefe, wasu ganyayen takardar sun zama kamar rariya. Na gaya masa. Sai ya ce:

"Isa, hannunka ya fi nawa kyau. Ka juye ta tun da sauran abin juyewa. Saniya ta tafi, ido ya tafi. Kada wannan ta tafi ina raye."

Muna cikin wannan magana a zaure sai ga Baba Jatau da jaki, an ɗora masa dami biyu na gero. Tsohon gero ne, har ya yi ja, daga wani rumbu da ya rufe shekara uku bai taɓa ba. Maguzawan tsallake haka suke, ba sa wasa da ajiya. Ya sauke a ƙofar zaure ya ce a kai wa mai jego a dama mata kunu. Baba ya fara godiya, Jatau ya katse shi, ya ce ai ba don kai ba ne, makaho, don jaririya ce. Da ya ji aikin da aka ba ni, sai dariyar ta bar fuskarsa. Ya jira na raka shi bakin hanya, ya riƙe mini hannu. Ban taɓa ganinsa haka ba.

"Ɗan Malam, kai ka yi boko, ka yi na allo, idonka biyu. Tunda za ka bi ta ɗaya bayan ɗaya, ka duba mini. Shekara nawa ana ce mini maƙaryaci ina dariya, amma abin yana cina. Ba komai nake so ba. So nake in san ubana gaskiya ya faɗa mini."

Na ce masa, "In sha Allahu, Baba Jatau, in na gani zan gaya maka." Na faɗa ne da sauƙin zuciya, don na tabbata babu abin da zan gani.

Yanzu ku saurara da kyau, don a nan abin yake. Tsohon rubutun an yi shi ne a jere, baiti na bin baiti a layi ɗaya, sai 'yan ɗigo uku a tsakani, saboda takarda tana da tsada a zamaninsu. Ga shi kuma kowa da ka ya koye ta, ba wanda ke zama yana ƙare wa takarda kallo. Ni kuwa da rawar kaina na ɗan makaranta, na ce zan yi ta kamar littattafan da ake kawowa daga Masar, kowane baiti da layinsa, harafin farko da jar tawada. Baƙar tawada ba matsala, gawayi ne da ƙaro. Ja ce babu. Ɗan garin jan garura na samu wurin Inna, mahaifiyata, wanda bai cika cokali ba, na kwaɓa a kurtu, kuma ga zafi, na san kafin in gama shafi ɗaya ta bushe. Sai dabara ta zo mini, na ce bari in fara zuba jajayen haruffan duka a gefen dama, daga sama zuwa ƙasa, shafi bayan shafi, in ya so daga baya in cike baitocin da baƙa a tsanake. Ina zaune a inuwar ɗakin Inna da hantsi, ina duba tsohon ganye ina ɗauko harafin farko da wasalinsa ina ajiyewa. Na yi shafi huɗu ban lura da komai ba. Da na gama shafi biyun ƙarshe, na shimfiɗa su a tabarma su sha iska, sai idona ya bi jan layin nan daga sama zuwa ƙasa, kamar yadda ido kan yi da kansa. Haruffan suka haɗu suka ba da magana: Abdu ɗan Nomau ya yi ta, ku roƙa masa gafara.

Innalillahi! Na karanta ya fi sau goma. Na koma tsohon ganye na bi baiti-baiti ko na yi kuskure. Babu kuskure. Na san malaman da sukan yi irin wannan, mun gani a littattafan da muka karanta, mutum ya saƙa sunansa a kawunan baitoci don kunya ko gudun riya, ya bar wa mai rabo ya tsinta. Ban taɓa kawo wa raina akwai shi a gafakarmu ba. Mutumin nan ya bar uwa da uba a tsallake, ba shi da ɗa da zai tuna da shi, ya san in ya mutu babu mai ɗaga hannu dominsa. Shi ne ya ɓoye roƙonsa a inda za a riƙa rerawa. Shekara da shekaru ana rera roƙon nasa, ana gamawa a ce fatiha ga wani. Ina nan zaune sai na ji ƙamshin kunun da Inna ke damawa da geron Jatau.

Zan so in ce muku tausayin Baba ne kaɗai ya hana ni magana. Akwai tausayin. Tsoho makaho, a shekarar da ya rasa komai, in je in ce masa abin da ya rage maka ma ba naka ba ne? Amma na yi alkawarin ba zan yi muku ƙarya a wannan littafi ba. Kaina na fi ji. Na hango majalisar bakin kasuwa ana cewa ashe waƙar gidan malamai ɗan Maguzawa ne ya yi musu. Na hango surukina. Na hango kaina ba jikan mai waƙa ba, Isa kawai, malamin firamaren da babu yara. Girman kai ne, ba wani abu ba, kuma a lokacin na sa masa suna kare mutuncin gida.

Kwana biyu ina juya abin. A rana ta uku na yaga shafi biyun nan na ƙarshe na cusa a murhu. Na sake wasu. Waƙar amsa-amonta ɗaya ne daga farko har ƙarshe, kowane baiti kuma yana tsaye da ƙafarsa, don haka in ka ɗauke wannan ka kai can, ma'ana ba ta lalacewa. Baiti bakwai na sauya wa wuri. Ban ƙara kalma ba, ban rage ba. Amma jan layin ya zama shirme, ba ya cewa komai. Da na gama har wani daɗi na ji na gwaninta, Allah ya yafe mini.

Na kai wa Baba, ya ce in karanta masa. Yana zaune a kan buzu, ya sunkuyar da kai, leɓɓansa na bina. Ina isa wurin da na taɓa, ya ɗaga hannu.

"Tsaya. Ka tsallake."

"Ban tsallake ba, Baba, yana gaba. Na ga kamar ya fi zama daidai a can."

"Ka ga kamar? Kai wane ne? Mayar da shi wurinsa." Ya ƙara da cewa, "Malam Babba bai bar mini wasiyyar gona ba, bai bar mini ta kuɗi ba. Abu ɗaya ya ce, Habu, waƙar nan amana ce a gidan nan, kada a gusar da baiti ko ɗaya daga inda mai ita ya ajiye shi."

Mai ita. Haka ya faɗa, kuma shi kansa bai ji abin da ya faɗa ba. Ni na ji. Na tambaye shi, da murya ƙasa-ƙasa, ko Malam Babba ya taɓa cewa da bakinsa shi ya yi ta. Baba ya ce, haba, mutum mai kunya irinsa? Waƙar gidan nan kawai yake cewa, mutane ne suka san tasa ce. A nan na gane kakana bai saci komai ba. Ya san abin da ke ciki, ya tsare wa almajirinsa sirrinsa yadda ya bar shi, ya kuma kafa sharaɗin da zai sa sunan ya rayu har ranar da wani zai gani. Ni ne wanin. Na ce wa Baba, to, zan gyara. Washegari na dawo na riƙe takardar a hannu ina motsa ta don ya ji ƙararta, na karanto masa daidai daga kaina. Ya ce, yawwa, Allah ya yi maka albarka. Takardar tana nan yadda na ɓata ta. Na cuci makaho da makantarsa, kuma ubana ne.

Sannan ya ce tsofaffin ganyayen kada a bar wa gara ta ƙarasa, akwai sunan Allah a ciki, in wanke su a ƙwarya gida ya sha don albarka. Da hannuna na wanke. Ina kallo tawadar Abdu ta narke, ruwan ya yi baƙi. Kowa ya kurɓa, har ke Binta an ɗiga miki a baki. Daga ranar babu sauran shaida a duniya sai abin da ke kaina.

Ana jibi fita roƙon ruwa Baba Jatau ya dawo, da wani damin a kan jaki. Na hango shi daga nesa na so in zille, ya riga ya gan ni. Ya rame shi ma, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Bai ko sauke kayan ba ya ce:

"Ɗan Malam, an gama?"

"An gama, Baba Jatau."

"Ka duba?"

"Na duba. Baiti-baiti na bi ta."

"To?"

Ina kallon igiyar jakin na ce, "Babu komai a ciki."

Na zaci zai yi gardama, ko ya yi dariyar nan tasa ya ce ku malamai kun haɗa baki. Da ya yi haka da na samu sauƙi. Bai yi ba. Ya yarda da ni nan take, don a wurinsa mai karatu ba ya ƙarya a kan takarda. Sai ya ce:

"Ashe dai tsohona daɗin baki ya yi wa kakana, don ya daina kuka. Ni kuma na ɗauka na yi ta yawo da shi har na tsufa. To, madalla. Ka huta da wahala, ɗana. Zo ka kama mini mu sauke."

Na kama masa muka sauke. Ya tambayi jikin jaririya, na ce nono ya fara zuwa. Ya ce to a ci gaba da kunun, kada a fasa.

Ranar roƙon ruwa aka fita filin idi, manya da yara, aka juya riguna, aka yi salla a cikin rana mai ƙuna. Na riƙo hannun Baba na tsayar da shi gaban jama'a. Ya rera ta daidai, yadda mai ita ya ajiye, domin shi daga kansa yake yi. Mutane na ta sheshsheka. Ni kuwa kowane baiti na ƙarshen nan ya ɗauko, harafin farkonsa sai ya buge ni a ƙirji, ina jin sunan yana haɗuwa a iska, ni kaɗai a duk filin. Na waiwaya gindin gawo. Babu kowa. Tunda nake, ranar ce ta farko da Baba Jatau bai zo ba. Liman ya ce, fatiha ga Malam Babba. Na ɗaga hannu tare da kowa.

Ruwa ya zo bayan kwanaki, a makare, ya ba mu ɗan wake da abin da ba a rasa ba. Jatau bai fasa aiko da hatsi ba har kaka, amma ya daina zuwa da kansa, kuma bai sake ɗauko maganar waƙa ba. Baba har ya yi ƙorafi, ya ce Bamagujen nan ya daina yi mini ƙaryarsa, zaure ya yi shiru. Kullum ina cewa gobe zan tsallaka rafi in gaya masa, ko a ɓoye ne, in ce ya riƙe tsakaninmu. Tafiyar ba ta da wani nisa. Ban je ba. Da bazara muka ji kiɗan mutuwa daga tsallake, aka ce Jatau ne. Baba ya sa na kai shi har ƙofar gidan, ya zauna a ƙasa yana kuka kamar yaro. Shi ma bai ƙara damina biyu ba ya bi shi.

Bayan Baba waƙa ta dawo hannuna, na koyar da ita daga takardata. Tsofaffin da suka san ta da ka suka yi ta gunaguni, wata gwaggona har ta ce mini, Isa, ba haka Malam ke yi ba. Na buɗe mata takarda na ce ga shi a rubuce, ta haƙura. Suka mutu ɗaya bayan ɗaya, tawa ta zauna. Ita kuka haddace, ita Sadiƙu ya buga. Ni kuwa tun daga shekarar nan ban yi sallar da ban roƙa wa Abdu ɗan Nomau gafara ba, a ɓoye, kamar ɓarawon da ke mayar da kaya da kaɗan-kaɗan. Wannan ya rage mini nauyin Abdu. Na Jatau babu abin da ya rage shi.

Bara, da ciwon nan ya kwantar da ni na ga kamar tafiya ce, na ce in Allah ya tashe ni zan nemi zuriyarsa. Gidajen tsallake yanzu duk sun watse, wasu sun musulunta, da yawa sun shiga coci. Da ƙyar aka yi mini kwatancen wani jikansa a Rijiyar Zaki, can Kano, yana aikin walda. Na hau mota ban gaya wa kowa ba. Na same shi, mutum mai ladabi, Bitrus, ya fi shekara hamsin, dariyarsa sak ta kakansa. Ya ba ni kujera, ya sa aka kawo ruwa. Na zauna na kwashe labarin nan kaf na gaya masa, ina yi ina share hawaye, ina jiran ya zage ni ko ya tashi ya bar ni. Ya saurara har ƙarshe. Sannan ya ce:

"Allah sarki, Baba. Ai ba komai, ya wuce. Amma wane ne Nomau? Ni daga kan Jatau ban san sunan kowa ba."

Ya rako ni har titi, ya tsayar mini da mota, ya ce in gaida gida. Na kawo gaskiyata bayan shekara hamsin, wanda yake bukatarta ba ya nan.

To, ga abin da nake so, kuma ba shawara nake nema ba. A bayan wannan littafi na rubuta baitocin ƙarshen yadda suke tun asali, kowanne a layinsa, harafin farko da jan biro. Hannuna na rawa amma za ku iya karantawa. Ku bi jan layin da idonku ku gani. Sadiƙu, ka koma wurin masu bugawa a sauke sunan kakana daga bango, shi bai taɓa nema ba, kuma na san da yana nan da ya fi kowa murna. Ku sake haddace ta, ko ba daɗi a bakinku. Duk inda aka rera aka zo fatiha, ku ce ga Abdu ɗan Nomau, da ƙarfi, in an tambaye ku dalili ku ce ubanku ne ya ɓoye. Kada ku gyara mini labarin don kunya.

Ke kuma Binta, ke ce babba, kuma da geronsa kika rayu. In kin je ƙauye ki sa a nuna miki tsallaken rafi, wajen wata tsohuwar tsamiya, nan suka binne shi. Ƙafata ba za ta ƙara kai ni can ba. Ban san ko matattu na ji ba, wannan sanin na Allah ne. Ki dai tsaya ki ce, Baba Jatau, Isa ya aiko ni, ya ce ya duba, sunan yana ciki. Ubanka gaskiya ya faɗa maka.